Yaya, a karɓe littafin nan daga hannun Auta

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Yaya, bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya ƙafar Inna? A gaishe ta da kyau, a ce mata ina nan lafiya lau, ina ci ina ƙoshi, ban rame ba. Hoton da ta gani ta tayar da hankalinta, fitilar ɗakin ce ba ta da haske. A gaida Kawu da Gwaggo, a gaida Maman Ummi da yara. Allah Ya jiƙan Baba, Ya kai haske kabarinsa.

Na zaɓi in rubuto maka ne maimakon saƙon murya, don na ga saƙon murya a gidanmu ƙafa gare shi, kafin magariba ya zaga dangi. Wannan kuwa tsakanina da kai ne, sai wurin da zan ce ka karanta wa Auta.

Na turo kuɗi ranar Litinin ta hannun mutumin da muka saba, Yuro 400. Idan alat ya shigo ka faɗa mini abin da ya kama a naira, don wancan karon abin da ya iso bai yi daidai da lissafina ba, shiru kawai na yi. Ga yadda za a raba. Yuro 100 na maganin Inna ne, na hawan jini da na ƙafa, a saya mata na wata 3 gaba ɗaya a babban kantin magani, kada a saya a hannun masu talla a tasha. 120 na Maman Ummi, kuɗin makarantar yara da cefane, a damƙa mata a hannunta, ba ta hannun kowa ba. 80 a ɗora a kan kuɗin kwano. Sauran 100 ka riƙe a wurinka, kada ka taɓa, kada kuma Auta ya san da shi tukuna. In ka kai ƙarshen takardar nan za ka ga dalili.

To, maganar Auta.

Labari ya iso ni, kuma ba daga baki ɗaya ba, cewa ya shiga yaran Honorabul. An ba shi babur, an ba shi riga mai hoto, an kuma ba shi littafi. Wai yana bi gida-gida a unguwa yana rubuta wanda ke tare da su da wanda ba ya tare da su. Ranar da aka raba taki da shinkafar tallafi da littafin nan aka yi aiki, har Malam na bayan masallaci, wanda ya rubuta mana allo ni da kai da Autan kansa, ya yi layi tun safe ya koma gida hannu rabbana. An ce mini kuma rumfar matar nan mai ƙosai, wadda mijinta ya rasu bara, an karɓe an ba wani. Yaya, kana gari aka yi wannan, a bakin wasu zan ji? Na kira shi, ya yi mini dariya. Ya ce shi bai doki kowa ba, bai riƙe gora ba, bai zagi kowa ba, rubutu kawai yake yi. Na kashe wayar don kada in faɗi abin da zan zo ina cizon yatsa.

Da a ce wata biyu baya ya faɗa mini haka, wataƙila in yi faɗa in bari. Amma akwai inda aka kai mu kwanan nan, kuma tun daga ranar maganar nan tasa ta hana ni barci. Daga nan ka karanta masa, kada ka tsallake komai.

Ka san makarantar koyon Jamusanci da nake zuwa. Alhamdu lillahi na ci jarrabawar harshen, takardar tana hannuna, mutane da yawa da muka fara tare sai sun sake. Bayan harshen akwai wani sashe na awa 100 kan dokokin ƙasar da tarihinta, a ƙarshe a yi jarrabawa mai tambaya 33. Malamarmu, wata dattijuwa mai furfura wadda ba ta wasa da lokaci, ta ce wannan darasin ba a aji ake yin sa ba. Ta kwashe mu, mu da Larabawan Siriya da mutanen Afganistan da Eritiriya da Yukiren, muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa wani gidan tarihi a tsakiyar Balin da suke kira Topographie des Terrors. Ba a biyan ko sisi. Ni na tafi ne ina lissafin barcin da zan rasa, don aikin dare nake yi a satin.

Wurin ba shi da wani kyan gani. Fili ne fetal an zuba masa tsakuwa mai ruwan toka, da wani gini gajere a tsakiya. A gefe guda akwai guntun katangar Balin, wadda ta taɓa raba garin gida biyu, da aka bari a tsaye, a ƙarƙashinta kuma wani dogon rami inda aka tono tubalan ginin ƙasa na gidajen da suka taɓa tsayawa a wurin. A wannan fili, daga 1933 zuwa 1945, hedikwatar Gestapo take, wato 'yan sandan cikin Hitila, da ofishin shugabannin rundunar SS, wato dakarun jam'iyyarsa na musamman. Ginin da Gestapo suka zauna a ciki asalinsa makarantar koyon zane da sana'ar hannu ce. A ƙasansa suka yi ɗakunan tsare mutane, kuma kimanin mutum 15,000 ne suka ratsa ta ɗakunan nan, ana hawa da su sama a yi musu tambayoyi da duka, a sauko da su.

Na zaci zan ga bindigogi da tankoki. Babu ko ɗaya. Hotuna ne da takardu, allo bayan allo, sun rataye daga sama. Takardu, Yaya. Na tsaya a gaban wata takardar umarnin kama mutum, an buga ta da tafireta tsaf: suna, ranar haihuwa, garin haihuwa, sana'a, addini, inda yake zaune, sai layi biyu uku na dalili, sai hatimi da sa hannu. Babu kotu, babu alƙali, babu ranar fita. Wanda ya buga ta bai yi kuskuren harafi ɗaya ba. Ka san wani yaro ne ko yarinya ya zo aiki da safe, ya rataye rigar sanyinsa, ya sha shayi, ya zauna ya buga, ƙarfe biyar ya tashi ya tafi gida. Shi ma da za ka tambaye shi, bai doki kowa ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda abin ya fara. A gida mun ɗauka Hitila juyin mulki ya yi da soja. Ashe da ƙuri'a ya shigo. A zaɓen Yulin 1932 jam'iyyarsa ta samu kashi 37 cikin 100, a na Nuwamba ta sauka zuwa 33, ba ta taɓa samun rabi ba a zaɓe na gaskiya. Lokacin mutum wajen miliyan 6 ba su da aikin yi. Wasu manya masu kuɗi da sarauta suka ga za su iya hawa da shi su juya shi yadda suke so, aka naɗa shi shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairun 1933. Ranar 27 ga Fabrairu ginin majalisar dokoki ya kama da wuta, washegari aka kafa dokar ta-ɓaci, aka soke 'yancin magana da na taro da na jarida. A watan Maris majalisa da kanta ta miƙa masa ikon yin doka ba tare da ita ba, a watan ne kuma aka buɗe sansanin gwale-gwale na Dachau. A watan Mayu aka rushe ƙungiyoyin ƙwadago, ɗalibai suka tara littattafai a dandali suka cinna musu wuta. Kafin ƙarshen Yuli jam'iyya ɗaya ta rage a ƙasar. Wata 6 kacal.

Su wa suka yi masa aikin titi? A nan nake so Auta ya buɗe kunne. Jam'iyyar tana da 'yan banga, ana ce musu SA, masu riga ruwan ƙasa. Yawancinsu samari ne marasa aikin yi. An ba su riga da takalmi da abinci da wurin kwana, an ce musu su ne masu ƙasa. Su ke tarwatsa taron 'yan adawa, su ke tsayawa a ƙofar kantin Bayahude su hana ciniki. A Fabrairun 1933 aka ɗebi wajen 50,000 daga cikinsu da ire-irensu aka mai da su 'yan sandan taimako, aka ba su bindiga. Akwai hotunansu a wurin, sun rataya wa wani dattijo allo a wuya suna yawo da shi a gari, mutane sun yi cincirindo suna kallo, yara suna bi a baya. Fuskokin yaran SA ɗin nan na yi ta kallo, wallahi wasu ko gemu ba su fitar ba. To da mulki ya zauna, manyan soja da masu kuɗi suka ce ba za su zauna da 'yan iskan titi ba, Hitila ya zaɓi manya. Daga daren 30 ga Yunin 1934 aka bi shugabannin SA ɗai-ɗai ana harbewa, har da jagoransu Ernst Röhm, wanda tun farkon tafiya suke tare da Hitila. A ɗakin kurkuku aka harbe shi. Yaran da suka rage kuma daga baya yaƙi ya cinye da yawansu a dusar ƙanƙarar Rasha.

Ban ce Honorabul Hitila ba ne. Bai kai ba, ba shi da wannan ƙarfin, kuma ƙasarmu ba Jamus ta wancan zamani ba ce. Kada Auta ya kama wannan ya ce na yi ƙari. Amma ni da kai mun ga yaran da suka yi wa 'yan siyasa jagaliya a zaɓukan baya. Ina suke? Ɗaya yana gidan yari, ɗaya ƙwaya ta haukata shi yana bin bola, wanda suka yi wa aikin kuwa ya canja jam'iyya sau biyu yana zaune da waɗanda ya ce su zaga. 'Ya'yansa suna karatu a waje, wasunsu ma wataƙila a nan Turai muke hawa jirgi ɗaya da su.

Af, kafin in manta. Kwanon kada a saya sai kuɗin ya kai na bandir ɗin gaba ɗaya. In an saya rabi-rabi kala yake bambanta, kuma kafinta zai ci kuɗin aiki sau biyu. Ɗakin Inna za a fara rufewa, ba shagon waje ba, ko wa ya ba da shawara.

Malamar ta faɗa mana wani abu a gaban allon da ke bayanin yadda Gestapo ke aiki. Ta ce mutanen wancan lokaci sun ɗauka a kowace kusurwa akwai ɗan Gestapo, alhali ma'aikatansu ba su da yawa idan aka kwatanta da jama'ar ƙasar. Babban gari guda sai ka tarar da jami'ai 'yan ƙalilan. Abin da ya ba su ƙarfi shi ne jama'a da kansu ke kai musu tsegumi. Maƙwabci ya rubuto cewa wane yana sauraron rediyon Ingila da dare. Abokin aiki ya rubuto cewa wane ya yi wa shugaba ba'a a wurin shan giya. Mace ta kai ƙarar mijinta. Da yawa kuma ba kishin jam'iyya ne ya sa su ba, tsohuwar gaba ce, ko kwaɗayin ɗaki, ko shago, ko kujerar wani a wurin aiki. Da ta ambaci shago, rumfar mai ƙosai ce ta faɗo mini.

Akwai wani ɗan Siriya a ajinmu, dattijo ne, direban babbar mota a ƙasarsu. Muna cikin wannan sashe na ga ya juya ya fita. Da muka fito na same shi zaune a kan dakali yana ta zuƙar sigari hannunsa na rawa. Ban tambaye shi ba, shi ya ce mini ɗan'uwansa ma rahoton maƙwabci ne ya tafi da shi a zamanin Assad, har yau ba gawa ba labari. Ya ce shi ba ya buƙatar a fassara masa allunan nan.

Daga rubuta sunan ɗan adawa abin ya wuce zuwa rubuta sunan kowa. A 1935 aka yi dokokin Nurembag, aka tantance wane ne Bayahude ta hanyar bin kakanninsa a littattafan rajista, aka hana aure tsakani. Naƙasassu da masu taɓin hankali kuma, fom aka aika asibitoci a cike, likitoci suna zaune a ofis ba su ga majinyaci ba, su duba takarda su sa alama da jan biro, wannan alama ita ce hukuncin kisa. Sama da 70,000 aka kashe da iskar gas ta wannan hanya daga 1940 zuwa 1941, 'yan ƙasarsu, jininsu. Na tuna yaron Gwaggo, Allah Ya ba shi lafiya, na ce da a can aka haife shi jan biro ɗaya ya ishe shi. Da yaƙi ya ɓarke, bayan sun afka wa Polan ranar 1 ga Satumban 1939, daga baya kuma Tarayyar Sobiyet a 1941, rundunonin kisa suna bin bayan soja suna turo rahoto nan wannan fili da nake tsaye. A wani kwari da ake kira Babi Yar, a gefen birnin Kiyef, sun harbe Yahudawa 33,771 a cikin kwana 2. Dubi adadin, har da ɗaya a ƙarshe. Wani ne ya zauna ya ƙirga ya rubuta. Kafin a gama, Yahudawa miliyan 6 sun tafi, ban da 'yan ƙabilar Roma da fursunonin yaƙin Sobiyet da sauran jama'a.

Na san a majalisar ƙofar gida akwai masu yabon Hitila, saboda haushin abin da ake yi wa Falasɗinawa. Ni ma abin Gaza yana ci mini rai, a nan ma ana fita zanga-zanga a kai. Amma jaririn da aka jefa a rami a 1941 me ya sani? Kuma mai yabon nan ya san matsayinsa shi a wurin mutumin da yake yabo? A 1937 gwamnatinsa ta tattara ɗaruruwan yaran da sojojin Afirka na Faransa suka haifa da matan Jamus, aka yi musu aikin da ba za su taɓa haihuwa ba, don fatarsu kawai. A Yunin 1940, da sojansa suka ci Faransa, a wurare da dama sun ware baƙaƙen fursunoni daga farare suka harbe su, kamar yadda aka yi a Chasselay kusa da Liyon. Waɗannan sojoji daga ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka aka kwaso su, maƙwabtanmu. Kakanmu kuma da ya je Bama yaƙi da Japan, ƙawayen Hitila, ya dawo da tari da lambar da Inna ke ajiye da ita a adaka, ashe ɓangaren da ya tsaya ke nan, ko da Ingilishi ne suka ɗebe shi ba da shawararsa ba. Titin da ya bi ta gefen gidan tarihin ma, Wilhelmstrasse, a kansa aka yi taron 1884 zuwa 1885 inda Turawa suka shirya yadda za su raba Afirka. Akwai allo a wurin, na wuce na gani. Wannan maganar wata rana.

Hoto biyu ba su bar idona ba. Ɗaya ma'aikatan sansanin kisan jama'a na Auschwitz ne, maza da mata, sun fita hutu, wani yana kaɗa musu kiɗa suna ta ƙyaƙyata dariya, kai ka ce 'yan biki. Ɗayan kuma taron ma'aikata ne a wurin ƙera jiragen ruwa a Hambog a 1936. Ɗaruruwan mutane kowa ya miƙa hannun dama sama yana sara wa shugaba, sai mutum ɗaya a tsakiyarsu ya harɗe hannayensa a ƙirji, ya ɗan yamutsa fuska. An zagaye shi da da'ira don a gane shi. Na daɗe a wurin har malamar ta dawo nema na. Ba wani ƙato ba ne, ma'aikaci ne kamar ni.

Sai abin da ya biyo baya, wanda shi ne rabin darasin. Hitila ya kashe kansa ranar 30 ga Afrilun 1945, Jamus ta miƙa wuya 8 ga Mayu, Balin ta zama kufai. Himmler, shugaban SS, ya sha guba a hannun sojan Ingila. A Nurembag aka gurfanar da manya daga Nuwamban 1945 zuwa Oktoban 1946, aka yanke wa 12 hukuncin kisa. Eichmann, wanda ya tsara jiragen ƙasa masu kwasar mutane zuwa sansanoni, ya gudu Ajantina, sai 1960 aka kamo shi, aka yi masa shari'a a Ƙudus, ya yi ta cewa umarni ya bi, aka rataye shi a 1962. Amma Yaya, kada ka ɗauka gaskiya ta yi halinta gaba ɗaya. Wajen ƙarshen zagayen akwai bango da aka jera katuna na ma'aikatan wannan hedikwata da masu gabatar da ƙara suka bincika a shekarun 1960. Waɗanda aka kai gaban alƙali ƙalilan ne, waɗanda aka hukunta ba su ma kai haka ba. Da yawa sun koma aikin ɗan sanda, da lauya, da likita, da ma'aikacin gwamnati, suka ci fansho suka mutu a gadonsu. Alƙalan kotun Hitila da suka yanke wa dubbai hukuncin kisa, babu ko ɗaya da kotun Jamus ta Yamma ta tabbatar wa hukunci. Wani mai gabatar da ƙara, Fritz Bauer, shi ya dage har aka yi shari'ar ma'aikatan Auschwitz a Farankfot daga 1963 zuwa 1965, kuma bai samu godiya a wurin mutanensa ba a lokacin.

Filin kansa so aka yi a manta da shi. Gine-ginen da bom ya lalata aka ƙarasa rushe su a shekarun 1950. A 1961 katanga ta raba gari ta bi ta gefensa, ya zama bayan gari. Aka riƙa jibge ɓaraguzan gini a wurin, wani ɓangare kuma aka mai da shi filin koyon mota. Sai a 1985 wasu 'yan ƙasa, yawanci 'ya'yan da aka haifa bayan yaƙi, suka zo da shebur suka fara tono. A 1987 aka buɗe nuni na farko, ginin yanzu kuma sai 2010. Malamarmu ta ce ita kanta ta girma ba a maganar a gidansu, sai bayan rasuwar mahaifinta ta ga takardunsa. Ba ta faɗi abin da ta gani ba, mu ma ba mu tambaya ba. Na ce a raina mu namu fa? An kafa kwamitin Oputa a 1999, mutane suka zo suka yi kuka a talabijin kan abin da aka yi musu a mulkin soja, gwamnati ba ta taɓa fitar da rahoton a hukumance ba.

Ga wanda nake so Auta ya ji da kyau. A Disamban 2022 wata kotu a nan Jamus ta samu wata tsohuwa mai shekara 97 da laifi. Tana da shekara 18 zuwa 19 ta yi aikin sakatariya a ofishin kwamandan sansanin Stutthof. Ba a ce ta harbi kowa ba, ba a ce ta doki kowa ba. Tafireta take bugawa. Kotu ta ce da hannunta a kisan mutum sama da 10,000, aka yi mata ɗaurin je-ka-gyara-halinka na shekara 2, babbar kotu kuma ta tabbatar a 2024. A keken guragu aka turo ta gaban alƙali. Auta shekararsa 22. Rubutun hannunsa ne a littafin nan, ba na Honorabul ba. Gobe in iska ta juya, wata jam'iyya ta hau, Honorabul zai ce bai san da wani littafi ba, mutanen unguwa kuwa sun san wanda ya tsaya a ƙofar gidansu da biro. Kuma ko ba a tambaye shi a duniya ba, haƙƙin Malam da na marayun mai ƙosai yana nan.

Nan za ka tsaya da karanta masa.

Yaya, na san za ka ce ina daga nesa ina ba da umarni. Gaskiya ne. Kai ke kwana da ciwon Inna, kai ka ɗauki makarar Baba ni ina nan ina kuka a bayan sito ba ni da takardar fita. Lokacin da na bar gida Auta yana aji uku na sakandare, ni nake duba masa aikin gida. Wani lokaci in na kwanta sai in ce da ina nan da bai kai ga haka ba. Amma kuma da ina nan wa zai sayi maganin? Shi ma da ya samu abin yi ai ba zai bi babur ɗin wani ba, ban manta da wannan ba.

Don haka ga abin da nake so, kuma ina roƙonka kada a kai sati. Ka je da Kawu, don yana jin nauyinsa. A karɓi littafin daga hannunsa, kada a mayar wa kowa, ka ƙona shi da hannunka. Babur ɗin a mayar da rana tsaka, a gaban shaidu, da mukulli da takardunsa, a yi godiya, a ce mahaifiyarsa ce ba ta da lafiya tana buƙatarsa. Kada a yi rigima da su, kada a zagi kowa, mutanen nan ba su da ta ido. In ya cika wannan, Yuro 100 ɗin da ke hannunka kuɗin koyon haɗa sola ne a wurin mutumin nan na Kano da ka taɓa yi mini maganarsa. A hannun ogan za ka biya, ka karɓi rasit, ka ɗauki hotonsa ka turo mini. Kada kuɗin ya bi ta hannun Auta ko na minti ɗaya. In ya riƙe aikin wata 3, ni zan saya masa kayan aiki da waya. In ya ƙi, ka faɗa masa daga ni babu ko kwabo, kuma da gaske nake.

Inna kada ta ji maganar littafin, jininta zai hau. A ce mata sana'a muka samo masa.

Daga kuɗin kwano a cire na buhun taki ɗaya a kai wa Malam da dare, kada a ce daga wa. Zan cike gurbin a wata mai zuwa in Allah Ya yarda. Mai ƙosai kuma ka bincika mini a hankali inda take suya yanzu.

Ni dai alhamdu lillahi. Aiki yana tafiya, an fara ba ni motar ɗaga kaya a sito, ba kowa ake ba ba. Sanyi ya fara shigowa, ƙarfe huɗu da rabi gari ya yi duhu, amma na saba. Ciwon bayan nan da ke damuna ya yi sauƙi, kada a faɗa wa Maman Ummi ma na ambata. Mu uku ne a ɗaki yanzu, haya ta ragu. Takardar zama an ce in jira wasiƙa, ina jira. Ranar Juma'a muna haɗuwa da 'yan Nijar da 'yan Gana a masallaci, wani mutumin Damagaram yana kawo kilishi, tsada kamar me, amma mutum ya ji ƙamshin gida.

A auno mini ƙafar Ummi da ta ƙaninta a kan takarda a turo hoton, akwai mai tahowa gida bayan sallah, zan ba shi takalma. Maganin Inna na wata 3, a babban kanti. Na Maman Ummi a hannunta. Zan kira ranar Juma'a bayan an sauko, ka sa Auta ya kasance a kusa, kuma ya ɗauka da kansa.

Wassalam.

Ƙaninka,
daga Balin